Haƙƙin Gumi: Amsoshin Tambayoyin Ma'aikata Kan Albashi, Kora, Hutu da Diyya

Na yi shekaru ina riƙe da littafin ƙungiyar ma'aikata a wata masana'antar robobi a Kano, kuma ko bayan na bar wurin mutane ba su daina tare ni da tambaya ba, wani a bakin masallaci, wani a wajen ɗaurin aure. Yawancinsu sai ruwa ya ƙare wa ɗan kada suke zuwa: an riga an kore su, ko inji ya riga ya ci hannu, ko an sa su sun sa hannu a takardar da ba su karanta ba. Ga tambayoyin da suka fi maimaituwa, kusan yadda aka yi mini su. Dokokin Nijeriya ne, ban da tambayar ƙarshe.

Malam, ba a ba ni takardar ɗaukar aiki ba, da baki muka yi magana. Ina da wani haƙƙi kuwa?

Kana da shi. Yarjejeniyar baki ma yarjejeniya ce a wajen doka, kuma laifin rashin takardar ba a wuyanka yake ba. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa ubangida ya ba ma'aikaci rubutaccen bayani kafin ya cika wata 3 da fara aiki: irin aikin, albashi da lokacin biyansa, awannin aiki, hutu, da tsawon notis in za a rabu. Wanda bai bayar ba shi ya taka doka.

Inda gizo ke saƙa shi ne wajen hujja. Ranar da aka ɓata, mutumin da kullum yake kiranka ɗansa zai iya rantsewa bai taɓa ɗaukarka aiki ba, taimakonka kawai yake yi. Wani dattijo ya taɓa zuwa wurina, shekara 9 yana gadin wani sito, aka wayi gari aka ce masa an kawo kamfanin masu gadi, ya naɗe tabarmarsa ya ɗauki butarsa. Ko ƙyallen takarda ba shi da shi. Na ce, "Baba, ta yaya ake biyanka?" Ya ce da hannu ake ba shi da farko, amma 'yan shekarun nan ta waya kuɗin ke shigowa. Ya zaro wata 'yar waya da aka ɗaure da kyauro, muka zauna a benci muna bin saƙonnin banki. Washegari ya je banki aka buga masa takardar shige da ficen asusunsa, sai ga sunan kamfanin a ƙarshen kowane wata, kuɗi iri ɗaya. Da ita da tsohuwar rigarsa ta gadi mai tambarin kamfanin muka je ofishin ƙwadago. Ba a kai ga kotu ba aka biya shi kuɗin notis da na hutu.

Saboda haka ka nemi a riƙa biyanka ta banki. Ka adana katin shaida, takardar albashi, saƙonnin WhatsApp da manaja ke turo maka umarni, ka ɗauki hoton rajistar da kake sa hannu da safe. Kuma ka ajiye su a gida, kada ka bar su a durowar ofis, don ranar kora ba a barin mutum ya koma teburinsa.

Dokar Ƙwadagon nan kowa ta shafa?

A'a, kuma mutane da yawa suna tuntuɓe a nan. Sashe na 91 ya taƙaita kalmar ma'aikaci ga masu aikin ƙarfi da ƙananan ma'aikatan ofis: lebura, direba, masinja, maigadi, akawu. Manaja, likita, lauya, injiniya da duk mai aikin gudanarwa ko na ƙwarewa ba sa ciki. Su abin da ke kare su shi ne takardar ɗaukar aikinsu, littafin ƙa'idojin ma'aikatarsu, da hukunce-hukuncen Kotun Ma'aikata ta Ƙasa. Ma'aikacin gwamnati kuma yana da ƙa'idojin aikin gwamnati. Amma dokar fansho da ta diyyar rauni ba su yi wannan wariyar ba, sun haɗa babba da yaro.

An ce mafi ƙarancin albashi Naira 70,000 ne. Ni a makarantar kuɗi nake koyarwa, 25,000 ake ba ni. Me ya sa?

A watan Yulin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Naira 70,000. Kafin nan 30,000 ne tun 2019, kafin shi 18,000 tun 2011. Gyaran na 2024 ya kuma rage wa'adin sake duba adadin daga shekara 5 zuwa 3. Wasu jihohi sun ɗan ɗora wa ma'aikatansu: Kano 71,000, Kaduna 72,000, Legas 85,000.

To amma dokar ta bar wata ƙofa a buɗe, kuma ta nan yawancin masu makarantu da shaguna da gidajen burodi suke ficewa. Wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, ba dole ba ne ya biya wannan adadin. Haka mai aikin 'yan awanni, da wanda ake biya da kamasho ko gwargwadon abin da ya yi, da mai aikin gona na damina. Don haka, malama, fara ƙirga ku nawa ne: malamai, masu shara, maigadi, direban mota, mai karɓar kuɗin makaranta. In kun kai 25, mai makarantar yana cin haƙƙinku, kuma ana iya tilasta masa ya biya har da cikon watannin baya. In ba ku kai ba, sai dai ciniki. A ganina wannan togaciyar ita ce babban gurgun dokar, domin akasarin mutanenmu a irin waɗannan ƙananan wuraren suke neman abincinsu.

Wata uku ke nan ba a biya mu ba, kullum sai a ce kasuwa ce ba kyau.

Rashin ciniki ba ya goge bashi. Doka ta hana tazarar biyan albashi ta wuce wata 1, kuma da kuɗi za a biya, ba a tilasta maka karɓar taliya ko sabulun da kamfani ya kasa sayarwa a madadin albashi. Ku rubuta takarda ku duka, ku faɗi watannin da adadin, ku kai, a buga muku hatimi a kwafinku. Mai kamfanin da ke sahun gaba a masallaci ya san hadisin da ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe, ba laifi in an tuna masa da ladabi. In bai motsa ba, sai ofishin ƙwadago.

Ana yankar mini albashi in na makara ko na fasa wani abu. Ya halatta?

Sashe na 5 ya hana ubangida cin ma'aikaci tara yadda ya ga dama. In ka jawo asara da gangan ko da sakaci, ana iya cire wani abu daidai gwargwado, amma sai jami'in ƙwadago ya amince a rubuce tukuna. Kusan ba wanda ke bin wannan matakin, shi ya sa yawancin yankan da ake yi a gidajen mai da kantuna ba sa kan doka. Haraji, fansho da kuɗin ƙungiya su ne cirewar da aka sani. Kuma jimillar abin da za a cire a wata kada ta wuce kashi 1 cikin 3 na albashin. Rancen albashi ma an yi masa iyaka: kada ya wuce na wata 1, kuma a ba ka aƙalla wata 3 kana biya a hankali.

Awa 12 muke yi, har Lahadi, ba kuɗin oba.

Dokarmu ba ta yanke adadin awannin aiki ba, ta bar shi ga yarjejeniya. Awa 8 ɗin da kowa ya sani al'ada ce da ƙa'idar wuraren aiki. Abin da ta faɗa shi ne duk abin da ya haura awannin da aka yi yarjejeniya a kansu oba ne, sai dai ba ta yanke farashinsa ba. Shi ya sa nake cewa a rubuta awannin tun ranar farko. Abu biyu kuwa ba ciniki a kansu: wanda ya yi awa 6 ko fiye yana da hutun da jimillarsa ta kai awa 1, kuma a kowane kwana 7 akwai hutun awa 24 a jere. In an sa ka aiki a ranar hutunka, ko a ba ka wata rana a madadinta ko a biya ka.

Hutun shekara da na rashin lafiya fa?

Bayan wata 12 kana aiki ba yankewa, kana da aƙalla kwana 6 na aiki tare da cikakken albashi. Kaɗan ne ƙwarai, kamfanonin kirki sukan ba da mako uku ko huɗu. Ana iya ɗaga hutun in kun amince, amma kada a wuce wata 24 ba ka je ba. Rashin lafiya kuma kwana 12 ne a shekara da albashi, muddin ka kawo takardar likita mai rajista. Takardar mai kemis ba ta shiga.

Ina da juna biyu, shugabata ta ce in na tafi haihuwa kada in dawo.

Ba ta da wannan ikon, 'yar'uwa. Sashe na 54 ya ba ki mako 6 kafin haihuwa in kin kawo takardar likita, da mako 6 bayanta, wanda ko kin so ba a yarda a sa ki aiki a cikinsu ba. In kin yi wata 6 a wurin kafin tafiyarki, dole a biya ki aƙalla rabin albashi. Haramun ne a ba ki notis ɗin sallama kina cikin wannan hutun. Bayan kin dawo kina da rabin awa sau biyu a rana don shayarwa. Gwamnatin tarayya ta fi haka sauƙi, mako 16 take ba matan da ke mata aiki, maza kuma kwana 14 in an yi musu haihuwa. Jihohin Kaduna da Legas wata 6 suke ba ma'aikatansu mata.

Kotu ma ba ta wasa da wannan batu. A 2023 Kotun Ma'aikata ta soke ƙa'idar 'yan sanda da ke korar 'yar sandar da ta yi ciki ba ta da aure, ta ce wariya ce tunda ba a korar namiji kan irin wannan.

Shawarata: ki sanar da cikin a rubuce, ki riƙe kwafi. Masu wayo ba sa cewa don ciki suka kore ki, sai su ƙirƙiro wani laifi tun cikin bai fito ba.

Akwai hutun takaba ko na aikin Hajji?

Dokar Ƙwadago ba ta ambaci ko ɗaya ba. Mai takaba wata 4 da kwana 10 ne a gabanta, hutun shekara ba zai rufe su ba, sai abin da ƙa'idar wurin aikinta ta tanada ko abin da aka roƙa aka samu. Ƙungiyoyin ma'aikata a Arewa ya kamata su riƙa sa wannan a yarjejeniyarsu da kamfanoni, a daina barin mace tana roƙon alfarma kwana uku da rasuwar mijinta.

An sallame ni yau, an ce kada in zo gobe. Haka doka ta ce?

Fara duba takardar da aka ba ka, domin sallama daban, kora daban.

Sallama ita ce a raba gari ba tare da an ɗora maka laifi ba. Ita sai da notis, kuma sashe na 11 ya tsara shi: kwana 1 in aikin bai wuce wata 3 ba, mako 1 in ya wuce wata 3 bai kai shekara 2 ba, mako 2 daga shekara 2 zuwa ƙasa da 5, wata 1 daga shekara 5 zuwa sama. Notis ɗin da ya kai mako dole ya zama a rubuce. In takardar aikinka ta ba da fiye da haka, ita za a bi. Ubangida na iya ba ka kuɗin kwanakin a madadin notis ya ce ka tafi yau. Ka kuma tuna igiyar nan ta ɗaure ku duka biyu: kai ma in za ka bar aiki sai ka ba da notis, ba ka karɓi albashi ka kashe waya ba.

Kora kuwa hukunci ce kan babban laifi, irin sata ko dambe a wurin aiki. Ita ba notis, kuma takan tafi da wasu haƙƙoƙin ƙarshen aiki. Saboda nauyinta ne kotu ke tambaya ko an ba mutum takardar tuhuma, an ji ta bakinsa. Don haka in an ba ka takardar tuhuma, kada zuciya ta sa ka ƙi amsawa. Ka amsa a rubuce cikin wa'adin, a taƙaice, ba zagi, ka ajiye kwafi.

Da can ana cewa ubangida na iya sallamar ma'aikaci da dalili ko ba dalili, muddin ya ba da notis. Wannan ya fara sauyawa tun gyaran tsarin mulki na 2010, wanda ya ƙara sashe na 254C, ya ba Kotun Ma'aikata ikon duba rashin adalci a wurin aiki da kuma amfani da ƙa'idojin ƙwadago na duniya. Tun daga nan kotun ta sha yanke hukuncin cewa sallama ba gamsasshen dalili zalunci ce, ta sa a biya diyya. Sai dai kada ka sa rai da komawa kujerarka in kamfani mai zaman kansa ne, galibi kuɗi ake bayarwa. Ma'aikacin gwamnati da doka ta tsara yadda ake ɗaukarsa da cire shi, shi ne kotu kan mayar bakin aikinsa har da albashin baya in an tsallake matakai.

Manaja ya ce in rubuta takardar ajiye aiki da kaina don kada sunana ya ɓaci.

Kada ka rubuta a ranar. Ka ce za ka je ka yi shawara. Sau da yawa dabara ce ta kauce wa biyan notis da toshe maka hanyar ƙara. Kotun Ma'aikata tana ɗaukar ajiye aikin dole a matsayin kora, amma kai za ka kawo hujjar tilastawar, kuma abin da aka faɗa a ofis ƙofa a rufe wuyar tabbatarwa gare shi. In ka riga ka sa hannu, ka aika musu takarda nan da nan cewa matsa maka aka yi.

Kamfani zai rage ma'aikata. Me za a ba mu? Garatuti dole ne?

Sashe na 20 ya ce a sanar da ƙungiya ko wakilin ma'aikata dalili da yawan waɗanda abin zai shafa, a bi ƙa'idar na ƙarshen zuwa shi ne na farkon tafiya, tare da la'akari da ƙwarewa da riƙon amana, sannan ubangida ya yi iya ƙoƙarinsa a daidaita kan kuɗin sallama. Ka lura, ba ta yanke ko sisi ba. Garatuti ma Dokar Ƙwadago ba ta wajabta shi ba, sai in yana cikin takardar aikinka, littafin ƙa'idoji, ko yarjejeniyar ƙungiya.

Ko yana rubuce ma, karɓarsa wani aiki ne in kamfanin ya durƙushe. Mutanen Kakuri sun fi kowa sani. Masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, ta rufe a 2002, ma'aikatanta suka shafe shekaru suna bin haƙƙinsu, da yawa har suka koma ga Allah ba su karɓa ba. Irin wannan ne ya sa tsarin fansho na yanzu yake fitar da kuɗin daga hannun kamfani kowane wata.

Ana cire mini fansho, amma ban taɓa ganin saƙon shigarsa ba.

Je ka ofishin kamfanin fanshonka da lambarka ka ce a buga maka bayanin asusunka. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin 100, ubangida ya ɗora aƙalla kashi 10. In albashinka da alawus na gida da na mota sun kama Naira 100,000, to 18,000 ya kamata su shiga duk wata, 8,000 naka, 10,000 nasa, cikin kwana 7 na aiki bayan biyan albashi. Wanda ya cire ya riƙe akwai tarar aƙalla kashi 2 cikin 100 a kansa kowane wata, kuma PenCom, hukumar da ke kula da fansho ta ƙasa, tana karɓar ƙorafi. Wajibi ne ga kamfanin da ke da ma'aikata 15 zuwa sama. Jihohi kowace da dokarta, Kano da Jigawa suna da nasu tsarin.

Abu biyu da ba kowa ya sani ba. Wanda ya rasa aiki ya yi wata 4 bai sami wani ba yana iya cire kashi 25 cikin 100 na asusunsa. Sannan dole ubangida ya yi wa ma'aikaci inshorar rai da ta kai aƙalla ninki 3 na albashinsa na shekara. Magada da yawa suna karɓar buhun shinkafa da kuɗin sadakar uku su yi godiya, ba su san da wannan ba.

Inji ya cire mini yatsu. Kamfani ya biya asibiti, ya ba ni wani abu, ya ce shi ke nan.

Ba shi ke nan ba. Wannan ce tambayar da ta fi ci mini rai, don na tsaya a kan irinta. Wani yaro ne a aikin dare, bai fi wata biyar da zuwa ba. Roba ta maƙale a bakin injin niƙa, murfin kariyar kuwa an daɗe da cire shi wai yana rage sauri. Ya sa hannu zai zaro. Da muka je asibiti da safe, mahaifinsa na zaune a ƙasa a baranda, wani daga ofis ya riga mu zuwa da ambulan da takarda mai layi biyu, cewa iyali sun yafe, ba su da sauran magana. Uban ya ce, "Ƙaddara ce, Malam, mu ba ma son tashin hankali." Na ce masa ƙaddara gaskiya ce, amma diyya ma ba haramun ba ce, kuma ba daga aljihun manajan za ta fito ba.

Dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta kafa asusu a ƙarƙashin NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnatin tarayya. Kowane ubangida yana zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya, kuma haramun ne ya cire shi daga albashin ma'aikaci. Ta shafi na dindindin, na wucin gadi, ɗan koyo, har da mai aikin gida in ba ɗan gidan ba ne. Ba a tambayar laifin wa, rauni a bakin aiki shi ne sharaɗi. Tana ɗaukar ciwon da aiki ya jawo, kamar na ƙirji daga ƙura ko sinadari, da kurumta daga ƙarar inji, har da haɗari a kan hanyarka ta zuwa aiki ko komawa gida kai tsaye. Wanda ya nakasa gaba ɗaya ana biyansa kashi 90 cikin 100 na albashinsa duk wata, in rasuwa ce iyalinsa ake biya. Ita kuwa takardar yafewar da ake sa mutane su dangwala wa hannu, dokar ta ce ba ta da wani ƙarfi.

Lokaci ne abin kiyayewa. Ka sanar da ubangida cikin kwana 14, shi kuma ya kai rahoto cikin kwana 7, a shigar da neman diyya cikin shekara 1. In kamfani ya yi ƙememe, yawanci don bai taɓa zuba kuɗin ba ne, to ka je ofishin NSITF da kanka da takardun asibiti da hoton raunin da sunayen waɗanda suka gani.

Shekara 6 ina aiki, har yanzu wai ni na wucin gadi ne, kuma ta hannun ejan ake biyana.

Wannan ya zama ruwan dare daga masana'antun Sharaɗa da Chalawa a Kano har bankuna. Wasu ma sukan sallami mutum kafin wata 3 su cika, su sake ɗaukarsa bayan mako. Sunan da aka laƙaba maka ba shi kotu ke dubawa ba, tana duba wa ke ba ka umarni, kayan aikin wa kake riƙewa, shekara nawa ka yi. Ta sha ɗaukar ejan da kamfanin a matsayin iyayen gida biyu, ta ɗora musu nauyin tare. Shi ejan ɗin ma sai da lasisin Ma'aikatar Ƙwadago yake da ikon ɗaukar wa wani ma'aikata. In za ka kai ƙara, ka haɗa su duka biyu.

Ni yaron shago ne a Kantin Kwari. Maigida ya yi alkawarin zai sallame ni da jari, shekara 8 shiru.

Dokar ta san koyon sana'a: a rubuta, jami'in ƙwadago ya shaida, kada ya wuce shekara 5. Amma a kasuwa wa ke yin haka? Amana ce da kunya. Hanyar da ta fi aiki ita ce ta dattawa: wanda ya kawo ka, shugabannin layinku, ƙungiyar kasuwa. A zauna, a sa rana da adadi, a rubuta, shaidu biyu su sa hannu. Rubuta alkawari ba rashin yarda ba ne, addini ma ya yi umarni da rubuta bashi. Ga iyaye masu kai yaro kasuwa, ranar kai shi ce ranar wannan maganar, lokacin fuska a sake take.

Shugabana yana nemana da lalata, ya ce in ban yarda ba aikina na rawa.

Kada ki goge saƙo ko ɗaya. Ki rubuta rana da wuri da abin da ya faɗa duk lokacin da ya yi, ki gaya wa wani da kika yarda da shi tun yanzu, sannan ki kai ƙorafi a rubuce ga na sama da shi. Sashe na 254C ya ambaci wannan laifi da sunansa cikin abin da Kotun Ma'aikata ke saurare. A Disambar 2013 kotun ta ba wata ma'aikaciyar Microsoft a Nijeriya gaskiya a irin wannan ƙara, ta ci shugaban da kamfanin diyya, saboda kamfanin bai kare ta ba. Na san abin da ke hana mata magana a wajenmu: tsoron a ce ita ta ja, ko miji ya ce ta bar aikin gaba ɗaya. Masu wannan hali da shirun nan suke taƙama.

Za a iya korata don na shiga ƙungiya ko yajin aiki?

Shiga ƙungiya haƙƙi ne a sashe na 40 na tsarin mulki, kuma sashe na 9 na Dokar Ƙwadago ya hana a kori mutum ko a sa masa sharaɗi saboda ita. Soja, ɗan sanda, kwastan da makamantansu ne doka ta hana. Ba a banza aka samu wannan ba: a 1949 'yan sandan mulkin mallaka sun harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu suna cikin neman haƙƙinsu.

Yajin aiki yana da matakai, sai an bi sulhu, an ƙaɗa ƙuri'a, an ba da notis, kuma an taƙaita shi ga masu ayyukan da rayuwa ta dogara a kansu. Ka kuma sani sashe na 43 na dokar rikicin ƙwadago ya ce ba aiki ba albashi. Da shi gwamnati ta riƙe albashin malaman jami'a bayan yajin wata 8 da ASUU ta yi a 2022.

Ina zan kai kuka, ni da ba ni da kuɗin lauya?

Fara daga cikin gida, a rubuce. In akwai ƙungiya, ta shiga gaba. Daga nan sai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya, akwai shi a kowace jiha. Suna kiran ɓangarorin biyu su sasanta, kuma takardar gayyatarsu kaɗai takan sa mai kamfani ya sauko. Akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, da hukumar ba da lauya kyauta ga marasa hali. In duk sun gaza, Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce kaɗai ke da hurumin shari'ar aiki, tana zama a Abuja, Kano, Kaduna, Jos da wasu biranen, tana kuma da sashen sulhu. Kai maganar albashi ofishin 'yan sanda ɓata lokaci ne.

Kada ka zauna sai an gama roƙo da aiken dattawa shekara biyu. Musamman in gwamnati za ka kai ƙara, akwai dokar kare jami'an gwamnati da ta sa wa'adin wata 3 na shigar da ƙara, kuma ita lauyoyinsu ke fara ɗagowa kafin a taɓo gundarin magana.

Ni a Maraɗi nake aiki. Duk wannan ya shafe ni?

A'a, ɗan'uwa, dokar ƙasar da kake aiki a cikinta ce ke binka, ko kai ɗan ina ne. Nijar tana da kundin ƙwadagonta na 2012, kuma a wasu wuraren ya fi na Nijeriya fayyace magana: awa 40 a mako, hutun kwana biyu da rabi kan kowane watan aiki, hutun haihuwa mako 14. Mafi ƙarancin albashi ya tashi zuwa jaka 42, wato sefa 42,000, daga Janairun 2024. Fansho da raunin aiki suna hannun asusun CNSS, don haka ka tabbatar ubangidanka ya yi maka rajista ya ba ka lambarka. In rigima ta taso, wurin sufeton ƙwadago ake fara zuwa ya gwada sulhu, in ta ƙi sai kotun ƙwadago.